Kashi 5 cikin 100: lambar da injiniya ke ba kwamfuta kafin ta faɗi yadda gini zai girgiza

Ranar 28 ga Maris, 2025, girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 7.7 ta afka wa ƙasar Myanmar. Amma bidiyon da ya fi yawo a wayoyin mutane ba a can aka ɗauke shi ba, a Bankok ne, babban birnin Tailan, mai nisan kusan kilomita 1,000 daga inda abin ya taso. An ga dogayen benaye suna rangaji, ruwan wuraren ninƙaya da ke saman rufinsu yana tumbatsa yana kwararowa ƙasa kamar an ɓalle madatsa. Wani bene da ake kan ginawa ya rufta gaba ɗaya. Sauran suka yi ta lilo har suka natsa.

Tambayoyi biyu suka biyo baya. Wasu suka ce, ashe bene yana lanƙwasa, wannan ba alamar ha'inci ba ce? Wasu kuma suka ce, ba an ce yanzu kwamfuta ke auna komai kafin a sa harsashi ba, to ina amfaninta?

Amsar ta farko gajera ce: kowane dogon gini yana rangaji, kuma da sani aka tsara shi a haka. Ta biyun ita ce mai buƙatar zama. Gaskiya ne manhajoji irin su ETABS da SAP2000 da ANSYS da Abaqus suna iya nuna yadda gini zai motsa tun yana kan takarda. Sai dai akwai lamba guda da manhajar ba ta iya ganowa da kanta. Injiniya ne ke rubuta ta da hannunsa a wani ɗan gurbi, kuma sau tari ko kallonta ba ya yi, domin ya tarar an riga an cika masa gurbin da 0.05, wato kashi 5 cikin 100. Lambar nan ita ce ma'aunin abin da masu aikin ke kira dampin, wanda a nan zan riƙa kiransa lafawa, wato yadda girgiza ke mutuwa bayan ta tashi.

Mene ne lafawa?

Duk wanda ya yi firamare a karkara zai tuna da rim ɗin mota da ake ratayewa a reshen darbejiya a matsayin ƙararrawa. Bugu ɗaya za a yi masa, ya yi ta amo har ɗan ajin ƙarshe ya ji. In ka ɗora tafin hannunka a kai, nan take amon ya mutu. Ka bugi ƙwarya kuwa, sau ɗaya za ta ce kwas, shi ke nan. Rim ɗin lafawarsa kaɗan ce, ƙwarya tata mai yawa ce, hannunka kuma ƙarin lafawa ne da ka kawo daga waje.

Abubuwa uku ke tafiyar da motsin kowane gini. Akwai nauyinsa, akwai taurinsa, wato yadda yake turjewa in an tura shi, sai kuma lafawarsa. Nauyi da tauri su ke yanke saurin kai-komon da ginin zai riƙa yi in an taɓa shi aka sake. Ana auna wannan sauri da haz: haz ɗaya na nufin kai-komo ɗaya a daƙiƙa. Akwai wani ƙiyasi da injiniyoyi suka daɗe suna amfani da shi, cewa kowane hawa yana ƙara kusan kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa, don haka bene mai hawa 10 yakan yi kai-komo ɗaya a cikin daƙiƙa ɗaya ko kusa da haka. Lafawa kuwa ba ta cika taɓa wannan sauri ba. Aikinta shi ne ta sace kuzarin motsin kaɗan-kaɗan ta mai da shi zafi.

To me ya sa ake faɗinta da kashi cikin ɗari? Ka dubi ƙofar banki mai rufe kanta. In an saita na'urarta daidai, ƙofar za ta dawo mazauninta da sauri ba tare da ta wuce ta komo ba. Mafi ƙarancin lafawar da ke hana abu wucewa ya komo ita aka ɗauka a matsayin kashi 100. Shok ɗin ƙaramar mota yana ba da wajen kashi 20 zuwa 40, shi ya sa in ka faɗa rami motar ke yin tsalle ɗaya ko biyu ta daidaita, in kuma shok ya mutu ta yi ta rawa kamar kwalekwale. Gine-gine suna can ƙasa sosai, galibi tsakanin kashi 1 da kashi 7.

Ƙaramar lamba mai babban tasiri

Mutum zai iya cewa tsakanin kashi 2 da kashi 5 ai ba wani bambanci. A nan ne fahimta ke kuɓucewa.

Ka ja gini gefe ka sake shi. In lafawarsa kashi 5 ce, kowane kai-komo zai rage girman motsin da kusan kashi 27, kuma kafin a yi uku motsin ya ragu fiye da rabi. In kashi 1 ce, sai an yi kai-komo 11 kafin ya sauko rabi. Wannan kenan in turawar sau ɗaya ce.

Babbar matsalar tana zuwa ne in turawar mai maimaituwa ce, kuma saurinta ya dace da saurin ginin kansa. Yara masu lilo sun san wannan sirri ba tare da an koya musu ba: ba ƙarfin turawa ke kai lilo sama ba, dacewar lokacinta ne. Idan aka samu wannan dacewa, babu abin da ke taka wa motsin birki sai lafawa kaɗai. Lissafin kuma mai sauƙi ne: ka raba ɗaya da ninki biyu na lafawar, kana rubuta kashi 5 a matsayin 0.05. A kashi 5, motsin zai ninka sau 10 bisa abin da turawar za ta haifar da a tsaye take. A kashi 2, sau 25. A kashi 1, sau 50. Wato injiniyan da ya rubuta 0.05 a inda gaskiyar ita ce 0.02 ya ɓoye wa kansa fiye da rabin motsin, alhali bai yi kuskure ko ɗaya a nauyi ko tauri ba.

Birnin Meziko ya ɗanɗana wannan dacewa ranar 19 ga Satumba, 1985. An gina tsakiyar birnin a kan laka mai laushi ta tsohon tafki, kuma lakar ta riƙa kai-komo kusan sau ɗaya a kowace daƙiƙa biyu. Benaye masu hawa 6 zuwa 15 su suka fi shan wuya, gajerun gidaje da wasu dogaye ƙwarai da ke kusa da su suka tsira.

Abin da zane ba ya faɗa

Nauyi abu ne da ake lissafawa: ka san girman ginshiƙi, ka san nauyin kankare, ka ninka. Tauri ma haka, daga kaurin bim da ƙarfin rodi ake fitar da shi. Lafawa ce kawai babu wata dabara da za ta ciro ta daga zane. Dalili kuwa shi ne kuzarin yana zurarewa ta ƙananan kafofi barkatai: gogayyar noti da ƙarfe a mahaɗa, ƙananan tsagogin kankare da ke buɗewa suna rufewa, bangon bulo da ke gugar firam, filasta, silin, tagogi, har da ƙasar da ke ƙarƙashin harsashi wadda ke kwashe wani ɓangare na girgizar ta tafi da shi. Mafi yawan waɗannan abubuwa ma ba a sa su cikin samfurin, wato kwaikwayon ginin da ake haɗawa a kwamfuta.

Sannan lambar ba ta zama wuri ɗaya. Gini ɗaya zai nuna lafawa kaɗan in iska mai laushi ce ke kaɗa shi, ya nuna mai yawa in girgiza ta tsananta har mahaɗai sun fara zamewa kankare ya fara tsagewa. Shi ya sa tambayar "nawa ce lafawar kankare?" ba ta da amsa sai an ce a wane irin motsi.

Hanya ɗaya tak ta sanin gaskiyarta ita ce awo, kuma awo sai gini ya tsaya. Akan manna na'urorin jin motsi a hawa daban-daban, a girgiza ginin da wani inji ko a jira iska ta yi aikinta, sannan a duba yadda motsin ke raguwa. Daga irin waɗannan awo da aka tara shekara da shekaru aka fitar da jadawalin da ake dogaro da su. Wani abu da awon ya nuna, kuma ya kamata ya hana mai zane barci, shi ne lafawa tana raguwa yayin da gini ke ƙara tsawo. Manyan dogayen benaye sukan nuna kashi 1, wani lokaci ƙasa da haka.

Daga ina kashi 5 ta fito?

Ba ƙirƙirarta aka yi ba. Ƙa'idojin gini na girgizar ƙasa, irin su Yurokod 8 ta Turai da ASCE 7 ta Amurka, sun zana jadawalin ƙarfin girgiza ne bisa zaton lafawar kashi 5. Zato ne mai ma'ana ga matsakaicin bene na kankare da girgiza mai ƙarfi ta kama har ya fara tsagewa. Masu rubuta manhaja suka ga ita aka fi nema, sai suka ajiye ta a gurbin. Daga nan ta zama kamar gado.

Amma su kansu ƙa'idojin ba su ce a yi amfani da ita ko'ina ba. Yurokod 8 ta kawo hanyar gyara ga wanda lafawarsa ta bambanta, kuma in aka sa kashi 2 a ciki, ƙarfin da za a tsara ginin a kansa yana ƙaruwa da kusan kashi 20. Ɓangaren Yurokod da ya shafi iska ya ba da lambobin da in aka juya su suke daidai da kusan kashi 1.6 ga benen kankare, da kashi 0.8 ga benen ƙarfe. Hukumar da ke sa ido kan tashoshin nukiliya a Amurka, a jagorarta mai lamba 1.61, ta ware wa girgiza mafi tsanani kashi 7 ga kankare mai rodi, kashi 4 ga ƙarfen da aka yi wa walda. Ƙarfen walda ya fi kusa da rim ɗin makarantarmu, domin babu inda zai goga da ɗan'uwansa.

Saboda haka gini ɗaya yana iya buƙatar lamba biyu ko uku, gwargwadon tambayar da ake yi masa. Shin zai rushe a babbar girgiza? Shin mazauna hawa na 30 za su ji jiri in iskar damina ta taso? Shin daɓen zauren biki zai yi rawa in jama'a sun miƙe? Wanda ya amsa duka ukun da 0.05 ɗaya ce kawai ya amsa.

Yadda ake shigar da ita, da tarkon Rayleigh

Gini ba salon rangaji ɗaya gare shi ba. Akwai salon farko, inda duka jikinsa ke karkata gefe guda kamar karan dawa. Akwai na biyu, inda sama ke tafiya gabas tsakiya na tafiya yamma. Akwai na murɗawa, da wasu da dama, kowanne da saurinsa. Hanya mafi tsafta ita ce a ba kowane salo lafawarsa kai tsaye, kuma manhajoji suna ba da damar hakan muddin ana zaton ginin zai koma yadda yake bayan motsin, ba tare da wani abu ya lanƙwashe dindindin ba.

Idan ana son bin motsin daƙiƙa bayan daƙiƙa, har da tsagewa da lanƙwashewa, galibi akan koma ga wata tsohuwar dabara mai ɗauke da sunan Lord Rayleigh, masanin Ingila da ya yi rubutu kan amo da girgiza a 1877. Dabarar ta ce a haɗa lafawa daga yanki biyu: wani gwargwadon nauyi, ana ninka shi da lamba mai suna alfa, wani gwargwadon tauri, ana ninka shi da beta. Wanda ya saba da ANSYS ya san su da ALPHAD da BETAD. An so dabarar ne don tana sauƙaƙa lissafi, ba don gini yana aiki haka a zahiri ba, kuma wannan batu ne da ya kamata a riƙa faɗa wa ɗalibai tun ranar farko.

Ga inda gizo ke saƙar. Alfa tana danne motsi mai nawa, tasirinta na raguwa in sauri ya ƙaru. Beta akasin haka take, tana danne motsi mai sauri. Tun da lambobi biyu ne kawai a hannunka, saurin kai-komo biyu kaɗai za ka iya sa su samu ainihin lafawar da kake so. Duk abin da ke tsakaninsu zai samu ƙasa da haka, duk abin da ke wajensu zai samu fiye.

Bari mu ɗauki bene mai hawa 10, mu ce muna son kashi 5 a haz 1 da kuma haz 5. Lissafi zai ba da alfa 0.52, beta 0.00265. A haz 1 da haz 5, kashi 5 cif. A tsakiya, wajen haz 2.2, ta sauko zuwa kashi 3.7, wanda ba laifi, domin kuskure ne ta ɓangaren taka-tsantsan. Amma a haz 20 ta haura zuwa kusan kashi 17. Duk wani salo da ke can sama an shaƙe shi, kuma manhajar ba za ta yi ko tari ba. Za ta fito da hotuna masu launin shuɗi da kore, mai kallo ya ce aiki ya yi kyau. Wannan ne dalilin da ya sa ƙwararru ke cewa kada a ɗauki salo na farko da na biyu kawai don su ne a saman jeri; a duba waɗanne salo ne ke ɗauke da mafi yawan nauyin ginin, wane sauri kuma turawar ke zuwa da shi, sannan a buɗe tazarar ta rufe su duka.

Na taɓa duba aikin wani ɗalibi da sakamakonsa ya yi kyau fiye da kima. Benensa yana natsawa kamar an dasa shi a cikin zuma. Muka bi layi-layi har muka gano abin: dabarar tana son a ba ta sauri da ma'aunin radiyan a daƙiƙa, wato haz a ninka da 6.28, shi kuwa ya zuba haz ɗin kai tsaye. A misalinmu na sama, wannan mantuwa tana mai da lafawar haz 5 daga kashi 5 zuwa kashi 26. Yaron ba malalaci ba ne, ya kwana uku a kan samfurin. Abin da ya rasa shi ne gwaji ɗaya mai sauƙi wanda nake roƙon kowa ya riƙa yi: ka tura samfurin sau ɗaya a cikin kwamfuta, ka sake shi, ka ƙirga yadda tsayin motsin ke raguwa. In ka sa kashi 5 amma motsin ya mutu a kai-komo ɗaya, akwai abin da ya karkace.

Ire-iren wannan suna da yawa. Wata manhajar tana son 0.05, wata tana son 5. Nastran da wasu irinta suna da gurbin lafawar da ake rubuta ninki biyu a ciki, wato mai son kashi 2 zai rubuta 0.04. A Abaqus, in ana amfani da hanyar lissafi mai bin ƙananan matakan lokaci, ƙaramar beta tana iya matse matakin har aikin awa ɗaya ya koma na kwanaki. Akwai ma lafawar da ba kai ka sa ba: wasu hanyoyin lissafi, kamar wadda Hilber da Hughes da Taylor suka fitar a 1977, suna danne motsi mai sauri da gangan don lissafin ya daidaita, saɓanin sanannen saitin hanyar Newmark ta 1959 wanda ba ya danne komai.

Inda masana suka rabu

Saɓani na farko a kan ƙirga abu ɗaya sau biyu ne. Kashi 5 ɗin nan ta riga ta haɗa da wani kuzarin da ke tafiya ta tsagewar kankare. To idan samfurin naka na zamani ne, yana bin tsagewar da lanƙwashewar rodi da kansa, ka kuma ɗora masa kashi 5 cikakkiya, ka ci riba biyu a jari ɗaya. Shi ya sa bugun 2016 na ASCE 7 ya ƙayyade kashi 2.5 ga irin wannan bincike. A wannan gaɓar kusan an daidaita.

Na biyu har yanzu ana tafka shi. Yankin beta ya dogara da tauri, amma wane tauri? Na ginin lokacin da yake lafiya, ko na yanzu bayan ya tsage ya yi laushi? Masu riƙe da na farko suna cewa lissafi ya fi zama lafiya da shi. Masu sukarsa, ciki har da John Hall na jami'ar Caltech da ya yi rubutu kan batun a 2006, sun nuna cewa yana haifar da ƙarfin lafawa na bogi a daidai wuraren da suka lanƙwashe, har ginin ya bayyana da ƙarfin da ba shi da shi. Masu bin tauri na yanzu su ma ana ce musu tasu hanyar tana iya rikicewa in ginin ya fara sakin jiki. Wasu sun ce a bar Rayleigh gaba ɗaya a koma ba kowane salo nasa. Ni dai ina tare da masu cewa a rage dogaro da ita, kuma duk wanda ya yi amfani da ita ya fito da ƙarfin lafawar ya dube shi da idonsa. In ya ga ya kai wani babban kaso na ƙarfin da ginshiƙai ke ɗauka, to ba ginin ke tsaye ba, lambar ce ke riƙe da shi.

Alfa ma tana da tata matsalar. Tana ɗaukar ginin kamar an nutsa shi cikin ruwa mai kauri da ke tsaye cik, don haka a ginin da aka ɗora kan robobin raba shi da ƙasa, ko a abin da ke tafiya a sake, tana danne motsin da a zahiri babu mai danne shi.

Gadar da ta koya wa kowa darasi

Ranar 10 ga Yuni, 2000, aka buɗe gadar ƙafa ta Millennium a kan kogin da ya ratsa Landan. Mutane kusan 90,000 suka bi ta kanta a ranar, wani lokaci har 2,000 a tare. Sai ta fara karkata hagu da dama, har kusan milimita 70, mutane suna kama ƙarfen gefe. Bayan kwana biyu aka rufe ta.

Ba ƙananan injiniyoyi suka tsara ta ba, kuma sun yi amfani da kwamfuta. Abin da ya faru shi ne ɗan Adam in yana tafiya yana tura ƙasa gefe da gefe kusan sau ɗaya a daƙiƙa, saurin da ya yi kusa da na gadar. Da ta ɗan motsa, sai kowa ya gyara takunsa don kada ya faɗi, gyaran kuma ya ƙara mata motsi. Wato taron jama'a ya zama lafawa ta baya, mai zuba kuzari maimakon kwashewa. Lafawar gadar ta asali ba ta kai kashi 1 ba. A gwajin da aka yi daga baya, an ga ɓangarenta na arewa yana zaune lafiya har sai da masu tafiya suka kai wajen 160, daga nan motsin ya tashi farat ɗaya, domin abin da suke zubawa ya rinjayi abin da gadar ke iya shanyewa. Gadar Tacoma ta Amurka da ta karye ranar 7 ga Nuwamba, 1940, irin wannan ciwo ne ya kashe ta, sai dai iska ce ta yi aikin da ƙafafu suka yi a Landan.

Maganin da aka zaɓa shi ne abin lura. Ƙara mata tauri zai buƙaci a sauya kamanninta gaba ɗaya, sai aka sayo lafawa. Aka ɗaura mata na'urori 37 masu aiki kamar shok ɗin mota, da wasu 52 masu nauyi a kan sifirin, aka ɗaga lafawar gefe zuwa kusan kashi 20. Aikin ya ci kimanin fam miliyan 5 a kan gadar da aka gina da fam miliyan 18, kuma sai Fabrairun 2002 aka sake buɗe ta.

Wannan tunani shi ne ke bayan ƙwallon ƙarfe mai nauyin tan 660 da ke rataye kusa da ƙololuwar Taipei 101, benen Taiwan mai tsawon mita 508. In benen ya karkata, ƙwallon ya ja baya, manyan shok da ke ƙarƙashinsa su shanye kuzarin. A guguwar watan Agustan 2015 an ga ya yi lilon mita ɗaya. Amfanin irin wannan na'ura ba ƙara lafawa kawai ba ne. Lafawa ce da aka ƙera aka gwada, wadda injiniya ya san adadinta maimakon ya yi zato.

Me ya shafi wanda ba injiniya ba?

Ta fuskar kuɗi abin yana da kaifi biyu. In aka zuzuta lafawa, zane zai fito da siraran ginshiƙai da rodi kaɗan, mai gini ya ji daɗi, mazauna su ɗauki haɗarin. In aka rage ta fiye da kima, a binne kuɗi a kankaren da ba a buƙata, haya ta tashi. Saboda haka wanda zai ba da kwangilar babban gini yana da haƙƙin ya tambaya: wace lamba aka sa, daga wace ƙa'ida aka ɗauko ta, kuma me zai faru da sakamakon in aka raba ta biyu? Injiniyan kirki ba zai ji haushin tambayar ba, domin sake gudanar da lissafin da rabin lambar ba ya cin wani lokaci. In sakamakon bai motsa sosai ba, hankali ya kwanta. In ya tsallake iyaka, an gano cewa lafiyar ginin tana rataye ne a kan zato.

Kada kuma a ɗauka sai ƙasashen girgizar ƙasa. Mazauna Mpape a Abuja sun ji ƙasa ta motsa a Satumban 2018, amma abin da ya fi kusa da mu shi ne gadojin ƙafa na ƙarfe, da dogayen turakun sadarwa, da tankin ruwa a kan ƙafafun walda, da manyan zaurukan taro marasa ginshiƙi a tsakiya, da injuna da ake ɗorawa a kan dekin. Duk waɗannan ƙaramin motsi ne mai maimaituwa, inda kankare bai tsage ba, noti bai zame ba, lafawa kuma tana can ƙasa.

Ɗauki babban janareto na dizal da ke juyawa sau 1,500 a minti, wato haz 25. A ce za a ɗora shi a hawa na uku na benen nan namu mai hawa 10, sai injiniya ya buɗe tsohon samfurin da ya yi don girgizar ƙasa, da alfa da beta ɗinsa yadda ya bar su. A haz 25 waɗannan lambobi suna ba da lafawar kashi 21. In saurin dekin ya dace da na injin, kwamfuta za ta ce motsin zai ninka sau biyu da ɗan ɗori. Dekin na gaske, mai lafawar kashi 2, zai ninka shi sau 25.